Mun San Ƙuri'un Kowane Akwati, Amma Ba Mu San Yara Nawa Ne Suka Iya Karatu Ba

(Jawabin da na yi a zaman matasanmu na ƙarshen wata. 'Yan uwa da ba su samu zuwa ba sun matsa in rubuta shi, ga shi nan kamar yadda na faɗa, sai ɗan gyara nan da can.)



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu dattawa da suka daure suka zauna da mu tun la'asar, iyayenmu mata, shugabannin matasa na mazaɓu, 'yan uwana maza da mata, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan ilimi, an kuma ja min kunne kada in wuce minti ashirin. Zan yi ƙoƙari, amma kun san halina in na kama abin magana.

Bari in fara da tambaya. A cikinmu nan, wa zai iya gaya min ƙuri'a nawa muka samu a akwatinsa a zaɓen da ya wuce, nawa kuma abokan hamayya suka samu? To, na ga hannuwa, kusan kowa. Ku sauke. Wasunku ma na san har yau hoton takardar sakamakon yana cikin wayarsu. Ga ta biyu. Yawancin akwatunan nan a ina ake ajiye su ranar zaɓe? A makarantar firamare, a bakin aji, wani lokaci ma teburin malami ake jawowa a ɗora. To a wannan makarantar da ka wuni a tsaye cikin rana kana gadin ƙuri'a, yara nawa ne a aji huɗu za su iya karanta layi huɗu na Hausa, su gaya maka abin da suka karanta? Ban ce Turanci ba, Hausar da suke yi da iyayensu a gida.

Kun ji shiru. Ni ma da aka yi min irin wannan tambayar shekarun baya shirun na yi, kuma a lokacin ni ne malamin ajin.

Mu 'yan siyasa ba wanda zai koya mana amfanin alƙaluma. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan, kuma duk jam'iyyar da ta san abin da take yi so take ta ga takardar EC8A ta kowace rumfa. Bayan zaɓe mukan zauna mu baje takardu. Nan mun faɗi saboda mata ba su fito ba. Can mun faɗi saboda alkawarin rijiya da ba a cika ba. Wancan akwatin kuwa namu ne ko ba mu je ba. Maganar da muke kai wa unguwar da ke fushi da mu daban, wadda muke kai wa unguwar da ke tare da mu daban. To wannan abin da muke yi shi ne masana ilimi suke ta faɗa da dogon Turanci cewa a yi a aji. A san inda kowane yaro ya tsaya, a rubuta, sannan abin da aka rubuta ya canza abin da malami zai koyar gobe da safe.

Yanzu zan tona asirin kaina, don kada wani ya ce na zo zagin malamai. A ƙarshen 2016 ina cikin rukunin farko na N-Power. Diflomata ba ta koyarwa ba ce, amma zaman banza ya ishe ni, na karɓa. Aka tura ni wata firamare, ba zan faɗi sunanta ba, aka ba ni aji biyar. A rajista yaran sun haura ɗari, masu zuwa kullum ba su kai haka ba. Aikina shi ne in cika allo da rubutu, in karanta, su maimaita da ƙarfi har makwabta su ji, su kwafa, a buga ƙararrawa. In ka wuce ta taga sai ka rantse karatu ake yi.

Ƙarshen zango ya zo, aka ce a kawo makin gwaje-gwajen cikin zango, wanda ake haɗawa da na jarrabawa. Gurbi uku ne a takardar, ni kuwa gwaji ɗaya na yi, shi ma ban gama dubawa ba. Wallahi zama na yi a gindin darbejiya da biro, ina raba maki kamar mai raba goron suna. Yaron da ke zama a gaba yana gaishe ni da fara'a, sha biyar. Wanda ban ma iya tuna fuskarsa ba, tara ko goma, don kada ya faɗi a zo ana tambayata. Babu wanda ya sa ni, laifina ne ni kaɗai. Amma na san ba ni na fara ba, kuma malaman da ke cikinmu a nan sun san abin da nake faɗa.

Bayan hutu wani bawan Allah mai faci ya zo har makaranta, riƙe da katin sakamakon ɗansa a cikin leda. Ya gaishe ni da girmamawa, ga shi ya haife ni. Ya ce, malam, a nan ka rubuta yaron nan ya zo na bakwai. Uwarsa ba lafiya, wani ɗan uwa ya turo min saƙo a waya da Hausa kan inda za a kai ta, na miƙa masa ya karanta min, sai ya tsaya yana kallona. Shi ne na ce bari in zo in ji, ni ne ban gane ba ko takardar ce ba daidai ba?

Na ce, Baba, ka yi haƙuri, zan bincika. Me zan bincika? Ni na rubuta ƙaryar da hannuna.

Wadda ta cece ni wata malama ce dattijuwa da ke koyar da aji biyu, ta kusa ritaya, ta taɓa zuwa wata bita ta koyar da karatu. Da na gaya mata, ta yi dariya ta ce, ɗana, kai kana ba da magani ba ka auna mara lafiya ba. Ta ɗauko min takarda guda ɗaya, duk ta sha ninki. A sama haruffa ne a warwatse, ba a jere ba. Ƙasa da su kalmomi gajeru. Sai sakin layi mai jimla huɗu. Sai ɗan labari. Ta ce in kira yaran ɗaya bayan ɗaya, a waje, ba a gaban 'yan uwansu ba, kuma ba bulala a hannuna. In fara da sakin layin. Wanda ya iya, in kai shi labari. Wanda ya kasa, in sauko da shi kalmomi, in ya kasa in sauko haruffa. Inda ya tsaya in sa masa alama a gaban sunansa. Littafin rubutu mai ganye arba'in na saya, na ja layi biyar. Kwana uku na yi ina wannan aikin.

Abin da na gani ya hana ni barci. Ashe ba aji ɗaya nake koyarwa ba, aji biyar ne a ɗaki ɗaya. Waɗanda suka karanta labarin har ƙarshe ba su cika yatsun hannu biyu ba. Mafi yawa a haruffa da kalmomi suka maƙale, akwai kuma waɗanda ko harafi ɗaya ba su shaida ba, bayan shekara biyar suna sa yunifom. Wani yaro da muryarsa ta fi ta kowa tashi in ana maimaitawa, ba ya bambanta b da d, balle a zo ga ɓ da ɗ. Ba, be, bi, bo, bu yana bakinsa kamar waƙa, amma ka nuna masa "bu" ita kaɗai sai ya ce "ba", saboda daga nan waƙar take farawa. Sannan wata yarinya da ke zama can ƙurya, ban taɓa jin muryarta ba, ta karance labarin tsaf ba gargada, ta kuma amsa tambayoyin da na yi mata. Na koma na duba makin da na ba ta a gindin darbejiya. Tara.

Lissafi ma haka. Ku ɗan saurara, wannan misalin shi ne zuciyar maganata. Na ba su 52 a ɗebe 17. Amsa 35. Wani ya rubuta 45, wani ya rubuta 69, wani ya bar wurin fari. A tsarin da na saba, duk ukun sifili ne da jan biro, magana ta ƙare. Amma ku duba. Mai 45 ya san ɗebewa. Ya ga 2 da 7, ya cire ƙarami daga babba ya samu 5, ya cire 1 daga 5 ya samu 4. Aro ne kawai bai iya ba, kwana biyu da tsinkayen tsintsiya a ɗaure goma-goma sun ishe shi. Mai 69 ya iya tarawa sarai, alamar ce bai kula da ita ba. Na ukun kuwa da na zauna da shi, lambar 52 ɗin ma bai san sunanta ba. Ciwo uku ne daban-daban, sifilin ya rufe su duka. Maki yana gaya maka yaro ya faɗi. Amsar da ya rubuta ita ke gaya maka abin da za ka koya masa ranar Litinin, in ka tsaya ka karanta ta.

Daga baya na gano takardar malamar nan tana da asali. A Indiya akwai wata ƙungiya mai suna Pratham, tun 2005 take bin gida-gida a ƙauyuka kowace shekara ko bayan shekara biyu tana gwada yara da irin wannan takarda mai hawa-hawa. Shekara da shekaru suna samun abu ɗaya: kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta rubutun aji biyu. Su ne kuma suka fito da tsarin da ake kira TaRL, ma'anarsa koyar da yaro daidai matakin da yake. A auna yara, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba, a ware awa ɗaya ko biyu a rana, bayan 'yan makonni a sake aunawa, wanda ya ci gaba a matsar da shi. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, sun daɗe suna bincike a kan wannan tsarin.

Abu biyu daga binciken nasu nake so ku riƙe, domin sun shafe mu kai tsaye. A gundumar Jaunpur ta jihar Uttar Pradesh, an koya wa mutanen ƙauyuka su gwada yaransu da kansu, aka tara jama'a aka karanta musu sakamako. Kowa ya ji, kowa ya girgiza kai, karatun yara bai motsa ba. Inda aka ga canji shi ne inda matasa 'yan sa-kai suka zauna suna koyar da yaran da yamma. A jihar Haryana kuma, a shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013, an raba ɗaruruwan makarantun gwamnati. Wasu aka horar da malamansu su riƙa yawan gwada yara suna cike takardu. Wasu aka ware musu lokaci a rana na raba yara bisa matakinsu. Masu yawan gwaji da cike takardu ba su fi waɗanda ba a taɓa ba. Masu raba yara su koyar da su daidai matakinsu, karatun yaransu ya ƙaru. Kuma masu duba makarantun nan sai da aka sa su suka shiga aji suka koyar da kansu na wasu kwanaki kafin su fara duba wasu. Ai kun gane. Auna hatsi sau goma ba ya ƙara masa ko tiya ɗaya.

Kada wani ya ce wannan labarin Indiya ne. An gwada tsarin a Borno a 2018. A Kano an fara shi a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, kafin korona ta rufe makarantu a 2020. Tun kafin nan, gwajin karatun Hausa da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a Bauchi da Sakkwato ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta kalma ko ɗaya, abin da ya kai ga shirin da ya samar da littattafan Mu Karanta. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF, ya nuna a cikin yara masu shekara 7 zuwa 14 a Najeriya kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da tushen karatu, lissafi ma kusan haka. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, namu na Arewa ya fi haka muni. Kullum a kan mumbari muna kukan yara sama da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, kuma kukan gaskiya ne. Amma waɗanda suke zuwa kullum su dawo ba komai, wa ke ƙirga su?

In ma za mu faɗi gaskiya, ba sai mun je Indiya ba. Wa a nan bai yi makarantar allo ba? Yara hamsin a gaban malam ɗaya, kowa da allonsa, kowa da inda yake. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wancan ya yi nisa. Malam ba ya cewa yau duk ku buɗe wuri kaza saboda zango ya kai mako na shida. Sai ka zo ka biya a gabansa, ya ji da kunnensa, sannan ya ce je ka wanke a yi maka ƙari. In ba ka iya ba, kana nan a allonka ko ƙaninka ya wuce ka. Ba rajista, ba kwamfuta, amma ya san inda kowa ya tsaya. Ina da abubuwan da nake so a gyara a tsarin almajirci, wannan maganar wata rana ce. Amma a wannan gaɓar kam, boko ce ke da abin koya.

Mu koma ajina. Na roƙi hedimasta ya ba mu awa ɗaya kafin a fita tara. Malamai biyu suka yarda, ɗaya ya ce ba a biyansa don wannan, ban kuma ga laifinsa sosai ba. Muka haɗa aji huɗu da biyar muka raba su. Malamar nan ta ɗauki 'yan haruffa, don ta fi mu haƙuri. Ni na ɗauki 'yan kalmomi. Masu karanta labari muka ba su abin karantawa, muka sa su suna taimakon na ƙasa da su. Katunan haruffa da kwalin taliya muka yanka. Bayan kamar mako bakwai muka sake aunawa. Da yawa daga 'yan haruffa sun hau kalmomi, wasu 'yan kalmomi sun kama sakin layi, cikinsu har da ɗan mai faci. Ban ce ya zama gwani ba, amma ya karanta wa ubansa sunan shagon da ke kallon rumfarsa.

Wasu kuma ba su motsa ba ko kaɗan. Nan ne rajistar kiran suna ta yi min amfani, rajistar da a da nake cike ta ranar Juma'a gaba ɗaya. Da na fara kiran suna da gaske sai na ga waɗanda suka tsaya wuri ɗaya yawancinsu ranar kasuwa ba sa zuwa, wasu 'yan matan kuma sai bayan tara suke shigowa saboda talla, wato daidai lokacin da awar tamu ta wuce. Muka mayar da awar bayan tara. Yaro ɗaya kuwa kullum yana nan amma ba ci gaba, ashe ba ya gani sosai ne, shekara biyar yana zaune a baya ana ce masa daƙiƙi.

Ƙarshen labarin ba daɗi. Wani mai duba makarantu ya zo, ya buɗe littafin darasina, ya ce ina baya da mako biyu a manhaja. Na nuna masa littafina mai ganye arba'in, ya ce babu gurbin wannan a takardar da aka ba shi. Shi ma gaskiyarsa ce. Da na bar makarantar, malamar ta yi ritaya, abin ya mutu. Shi ya sa na kawo maganar nan gaban 'yan siyasa. Malami ɗaya zai iya farawa, amma awar nan ba za ta zauna ba sai an rubuta ta a jadawali daga sama, sai takardar mai duba makaranta ta samu gurbin da ke tambaya yara nawa suka tashi daga haruffa zuwa kalmomi a wannan zangon.

Sai dai akwai ramin da nake so mu kauce masa, kuma mu 'yan siyasa mu ne muka fi saurin faɗawa ciki. Duk lambar da aka ɗaura wa albashin mutum ko kujerarsa, ƙarya za ta shige ta. A Amurka, dokar ilimi ta 2002 ta ɗaura makomar makarantu a kan makin jarrabawar yara. A birnin Atlanta binciken da aka fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, ana goge amsoshin yara ana gyarawa. A 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Mu ma nan mun san makarantun da kowa ke cin WAEC da NECO amma ba ya iya rubuta takardar neman aiki. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. Ra'ayi ya rabu a kai, ko a ɗakin nan na san ba bakinmu ɗaya ba, kuma ba shi na zo warwarewa ba. Abin da na sani shi ne, yau malamin firamare in ya ga baƙo da takardar gwaji, abin da ke fara zuwa ransa kora ce. In ya ɗauka sakamakon yaransa zai zama wuƙar yanka shi, zai rubuta maka duk sun iya, mu koma gindin darbejiya. Littafin nan na malami ne, don ya san wa zai zaunar a ina. Malamin da ya kawo rahoto cewa rabin ajinsa ba su san haruffa ba, a gode masa a taimake shi, shi ne mai gaskiya.

Kuma don Allah, 'yan uwana masu waya, ina roƙonku. Kada in ga wani ya shiga aji ya ɗauki bidiyon yaro yana in'ina a kan allo ya ɗora a Facebook ko TikTok don ya ci mutuncin gwamnati ko ciyaman. Ɗan wani ne, kuma bidiyon zai bi shi har girmansa. Kada kuma a fake da gwajin yara a tara sunaye da lambobin wayar iyaye don yaƙin neman zaɓe. Ban da rashin kyawunsa, akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ta ce bayanan yaro sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa. Abin da ya kamata ya fita daga makaranta adadi ne, yara kaza a mataki kaza. Sunaye su tsaya wurin malami da iyaye.

Na san wani zai ce a sayo kwamfutar hannu a raba wa malamai, kamar yadda Edo ta fara a 2018. Ban ƙi ba, in akwai wuta da kuɗin gyara. Amma ina tsoron ranar da maganar nan za ta koma kwangila, a ɗauki hoto da kwalaye, bayan wata shida suna kulle a ofis. Ni da littafi mai ganye arba'in na yi nawa.

Wani kuma zai ce, kai, malami da yara ɗari a aji, rufi yana yoyo, albashi ba ya kai ƙarshen wata, ka zo kana ƙara masa aiki? Gaskiya ne, kuma duk wanda ya tsaya takara a cikinmu dole ya amsa wannan. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin tushe, jiha ta kawo kasonta ta karɓa, kuma mun sha jin kuɗin suna kwance saboda jihohi ba su kawo ba. A gina aji, a ɗauki malamai, a biya su a kan lokaci. Amma yaron da ke aji biyar yau ba zai jira a gama gini ba. Baɗi yana aji shida, daga nan ko ƙaramar sakandare da kai ba komai, ko tasha. Kuma cunkoson ma shi ne ya sa aunawar ta zama dole. Mai yara ashirin zai iya sanin kowa da ido. Mai yara ɗari in bai rubuta ba, 'yan layin gaba kawai yake koyarwa, kamar yadda na yi.

Saboda haka ga abin da nake nema. Duk mai neman kansila ko ciyaman ko majalisa da zai zo neman goyon bayan matasa, in ya gama lissafa azuzuwan da zai yi wa fenti, mu tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, yara nawa ne a aji huɗu suka iya karatu a ƙaramar hukumar nan, kuma nawa kake so su zama bayan shekara biyu? In bai sani ba, ba abin kunya ba ne, ya yi mana alkawarin zai sa a auna a zangon farko, ya kai maganar awa ɗayan nan gaban sakataren ilimi da SUBEB. Mu rubuta alkawarin, mu ajiye kusa da hoton takardar zaɓe.

Mu kanmu kuma, a ɗakin nan akwai masu NCE da difloma da digiri da ke zaune ba aiki, na ƙirga sun fi ashirin. Dogon hutu yana tafe. Wanda zai iya ba da awa ɗaya bayan la'asar, ya je ya samu hedimasta da kwamitin makarantar unguwarsu da mai unguwa, ya nemi izini. Ya bar hular jam'iyya a gida, ba fosta, ba taken kowa, domin 'ya'yan waɗanda ba su zaɓe mu ba ma a ajin suke, kuma ranar da aka ga tuta a wurin rabin iyaye za su janye yaransu.

Na buga kwafin takardar gwajin nan, suna kan teburin da ke bakin ƙofa, kowa ya ɗauki ɗaya. Kafin ka je makarantar kowa, fara da gidanku. Yau da dare bayan isha'i ka kira ɗanka ko ƙanwarka da ke aji uku zuwa shida, ku zauna ku biyu, ba tsawa. Fara da sakin layin da ke tsakiya. In ya kasa kada ka nuna a fuskarka, ka sauko da shi kalmomi. A zama mai zuwa kowace mazaɓa ta zo min da adadi kawai, ba suna, mu ga rukuni nawa za mu buɗe da kuma wa zai ɗauki 'yan haruffa.

Shugaba, na ga kana duba agogo, na ci minti biyar ɗin da ba nawa ba, a yafe ni.